Filin Tsohon Mai Talla: Lallashi, Romon Baka da Abin da ke Tsakaninsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, kamar an haɗa baki: yadda ake shawo kan mutum da magana, da yadda mutum zai gane ana so a yi masa wayo da ita. Na tsamo shida daga ciki. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili, na tashi ne a shagon atamfa na mahaifina a Kantin Kwari, daga baya na yi shekara 31 ina rubuta talla da sanarwa a gidan rediyo, wani lokaci ni ke karantawa da bakina. Abin da na gani a waɗannan wurare biyu da shi nake ba da amsa. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Baba, ina sana'ar turaren wuta da humra a cikin gida, ina tallatawa a WhatsApp da Instagram. Abokan sana'ata suna rubuta cewa turarensu yana kwana bakwai a ɗaki, wata ma ta ce nata yana hana maigida fita. Ni kuwa in na tsaya a kan gaskiya sai in ga kamar kayana ba su da armashi. Shin yabon kaya laifi ne? Kuma yaya zan rubuta talla mai jan hankali ba tare da na yi ƙarya ba?
Daga wata mai turare, Damaturu.

AMSA: 'Yata, yabon kaya ba laifi ba ne. Mai sana'ar da ta kasa faɗin alherin kayanta ta cuci kanta, ta kuma cuci mai neman irinsu da bai san inda zai samu ba. Laifi yana farawa ne daga lokacin da kika faɗi abin da ba ya cikin kwalbar.

Bari in ba ki labarin ranar da na fara fahimtar wannan. Ina ɗan shekara 14, wata dattijuwa ta zo shagonmu daga Gezawa za ta haɗa lefen ɗanta. Idonta ya faɗa kan wata atamfa mai ruwan ɗorawa da zanen ganye, ta ɗaga ta, ta juya ta, ta kanga a jikinta. Ciniki ya kusa faɗawa. Sai mahaifina ya ce, “Hajiya, dakata.” Ya zaro farin hankici daga aljihu, ya tsiyaya masa ruwan buta, ya goga a bakin zanen, ya miƙa mata. Hankicin ya rine. Ya ce, “Kyau kam tana da shi, amma tana zuba a wankin farko. In ta ɗaurin biki ce a ɗaura sau biyu a adana, ɗauki. In kuwa wadda za ta sha wanki kike so wa amarya, ga wannan, ta ɗara ta da naira 2.” Raina ya ɓaci, na ce a zuci Baba ya kori ciniki da hannunsa. Matar nan turmi 6 ta saya a ranar, ba ta ƙara tambayar ko wata tana zuba ba, duk wadda ya ce mai kyau ce sai ta ce a ajiye mata. Lefen sauran 'ya'yanta uku duk a shagonmu aka haɗa.

Kada ki ɗauka mahaifina bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Tsoron Allah ne ya sa ya faɗi aibin, kuma gogewa ta koya masa cewa wanda ya faɗa maka aibin kayansa guda ɗaya, za ka yarda da shi in ya yabi goma. Wannan ma dabarar shawo kai ce, sai dai irin wadda ko mai saye ya gano ta ba zai ji haushi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan har yau: in za ki iya gaya wa mai saye dabarar da kike yi masa a kan idonsa, kuma ya ci gaba da ciniki da ke, to dabarar nan halal ce a sana'a. In kuwa sai a ɓoye take aiki, ki bar ta.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ya kuma ce rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka. Ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai wani ya ruɗu. Yau in kika ce wa ƙawayenki su shiga ƙarƙashin hoton turarenki su rubuta “na saya, wallahi ba a magana” alhali ko warinsa ba su ji ba, ni dai ban ga abin da ya raba shi da wancan ba.

To, yaya za ki rubuta? A rediyo tallar daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 70 zuwa 80 ta Hausa, shi ya sa muka koyi cewa talla ɗaya magana ɗaya take ɗauka. Ki zaɓi abu guda da turarenki ya fi na wasu, ki tsaya a kai. Kalmomi irin su “na musamman”, “ba irinsa”, “sai wanda ya gwada” sun gaji, kowa yana faɗinsu, kunne ya daina jin su. Abin da ke kama zuciya shi ne abin da mutum zai iya gani ko ya auna. Ki ce itacen sandal ne aka jiƙa shi kwana kaza kafin a soya. Ki ce ba ya hayaƙi mai yaji da ke sa yara tari, in dai haka ne. Ki turara mayafi da safe, ki shinshina da la'asar, ki shinshina washegari, abin da kika samu shi za ki rubuta. In kwana biyu ne, ki ce kwana biyu. Mai cewa bakwai za ta yi ciniki sau ɗaya da kowace mace, ke kuwa za a dawo miki. Ki rubuta farashi a fili. Wannan ɗabi'a ta “biyo ni ta saƙo in faɗa miki kuɗin” tana korar masu kunya, kuma su ne suka fi yawa. Ki ƙulla ɗan kaɗan a leda ki riƙa ba da ɗanɗani a gidan biki da suna, gani ya kori ji, a sana'arki kuwa hanci ne alƙali.

Batun turaren da ke hana maigida fita shi ya fi damuna a wasiƙarki. Mai wannan tallar ta san akwai matan da aurensu ke tangal-tangal, tsoron da ke cikin zuciyarsu take sayarwa, turaren rakiya ya yi. Tsohuwar dabara ce. A 1929 wani gwanin farfaganda a Amurka, Edward Bernays, da kamfanin taba ya ɗauka aiki, ya shirya 'yan mata suka fito suna zuƙar sigari a wani jerin gwanon bikin Ista a birnin New York, aka yaɗa wa 'yan jarida cewa wutar 'yanci suka kunna. Ba a ce uffan a kan tabar kanta ba, burin mata na a daina raina su aka ɗaura mata. Matar da ta sayi turaren nan da kuɗin adashinta, miji ya ci gaba da halinsa, kanta za ta zarga, ta ce ita ce ba ta iya turarawa ba. Kada ki ci irin wannan kuɗin, 'yata.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne. Wani aminina tun na makaranta ya shigo da ni wata harkar zuba jari ta intanet da ke ba da ribar kashi 50 cikin 100 duk wata. Ya nuna mini alat na kuɗin da aka biya shi har sau biyu. Ya ce ranar Juma'a za a rufe rajista. Mutumin kirki ne, bai taɓa cutata ba. Ina da naira 200,000 da na tara don kuɗin haya. Me ka gani?
Daga wani ma'aikaci, Gusau.

AMSA: Malam, kada ka saka ko sisi. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Naira 200,000 in tana ƙaruwa da rabinta duk wata, ana mayar da ribar ciki, a wata 12 za ta kusa naira miliyan 26. Wace sana'a ce a duniya take haka? Noma, ko fatauci, ko haƙar zinariya? In da gaske suna da irin wannan hanya, me za su yi da kuɗin hayarka, alhali banki zai ba su rance a kan ruwan da a shekara guda bai kai abin da suke cewa za su ba ka a wata ɗaya ba?

Kuɗin da aka biya amininka gaskiya ne an biya shi, amma daga aljihun waɗanda suka shiga bayansa aka ɗebo. Haka Charles Ponzi ya yi a birnin Boston a 1920, yana alkawarin kashi 50 cikin kwana 45, har sunansa ya zama sunan wannan damfara. Haka harkar zuba jari ta intanet mai suna MMM ta yi a nan Najeriya da alkawarin kashi 30 a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disamban 2016. Haka wata irinta mai suna CBEX ta yi, ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufta da jama'a a Afrilun 2025. Suna ne kawai ke sauyawa.

Yanzu dubi yadda aka ɗinka maganar da aka yi maka, don aikina ne na san zaren. Na farko, ba baƙo aka turo maka ba, amininka aka turo, kuma shi kansa ya yarda da abin, shi ya sa ba ka ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Ka tuna daren nan na watan Agustan 2014 da aka yi ta buga waya ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai rigakafin Ebola ne? Masu digiri sun yi, wasu har asibiti ta kai su, an ma rasa rayuka. Ba hujja ce ta tashe su tsakar dare ba, muryar uwa ce, da ta yaya, da ta aboki. Na biyu, an nuna maka alat, don ido ya ga kuɗi hankali ya kwanta. Na uku, an yanka maka wa'adi. Duk mai cewa “yau ko gobe, in ba haka ba ka rasa” tsoron ka yi shawara yake. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin ka je ka kwana da maganar, ka tambayi wanda ya fi ka sani. Sau da yawa kuma za ka ji an yayyafa wa zancen kalmomin addini, ana ta “halal ne” da “in sha Allahu”, don ka ji nauyin yin tambaya.

Hukumar SEC ce ke yi wa kamfanonin da ke karɓar jarin jama'a rajista, tana da jerin sunayensu a shafinta, kowa zai iya dubawa. Takardar CAC da suke ɗagawa a bidiyo shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar kuɗin mutane ba ce. Amininka kuwa kada ka ci masa fuska. Ka ce masa kuɗin haya ne, ba ka taɓa su, sannan ka roƙe shi ya daina zuba sabon kuɗi, ya kuma daina jawo wasu, domin ranar da abin ya fashe ƙofarsa za su zo, ba ta masu shafin ba.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida. An ba mu aiki a kan dabarun gamsar da mai sauraro, duk littattafan da na samu na Turawa ne. Mu ba mu da namu ne?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Muna da shi, 'yata, har ya yi yawa, rubuta shi ne ba a cika yi ba. Abin da za ki tarar a littattafan can ya samo asali ne daga Aristo, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya ce mai magana da abu uku yake cin nasara: mutuncinsa a idon masu sauraro, yadda ya taɓa zuciyarsu, da ƙarfin hujjarsa. Malaman Musulunci irin su Farabi da Ibn Rushd sun yi sharhi a kan wannan aiki tun da daɗewa. Ga kuma ilimin balaga da ake karantawa a zaurukanmu, mai rassa uku, ma'ani da bayani da badi'i, wanda Abdulƙahir Jurjani na ƙarni na 11 yake cikin manyan da suka kafa shi. Malaman balaga sun ce magana mai isarwa ita ce wadda ta dace da halin da ake ciki. Duk shekarun da na yi a rediyo ban sami ƙa'idar da ta fi wannan amfani ba.

A Hausa kuwa, dubi kirari da take, dubi yadda maroƙi ke ambaton kakannin mutum har hannunsa ya tafi aljihu, dubi karin magana da dattijo ke kashe gardama da ita a zaman sulhu. Dubi sunan jaridar da aka fara bugawa a Zariyarku a Janairun 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo: kwabo ake sayar da ita, sai aka haɗa farashi da alkawari a jimla ɗaya. Dubi jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, yadda kalma ɗaya tak, Sawaba, ta ɗauki dukan abin da talaka ke nema, abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC, kuma ta amsa da tata, Salama.

Shawarata, ki ɗauki wayarki ki je kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ki nemi izinin wani dillali ki naɗi ciniki ɗaya daga tayin farko har zuwa “na sallama”. Ki ƙirga sau nawa aka ce albarka, a ina mai saye ya yi kamar zai tafi, a ina aka kira shi, me gyara ta yi a ƙarshe. Aikinki zai fita daban da na kowa a ajin.

TAMBAYA: Baba, ƙanwata ta gama aji uku na sakandare, tana da ƙoƙari sosai, burinta ta zama ungozoma. Mahaifinmu ya ce karatu ya isa haka. Na yi masa bayani da hujjoji, na kawo masa misalai, har muka ɗaga murya, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ina na kuskure?
Daga wani matashi, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, kuma ina tare da kai a kan karatun yarinyar nan. Amma ka shiga ta ƙofar da ba a shiga. Ka je wa mahaifinka da hujja kamar kana gaban alƙali, wataƙila ma a gaban iyali. Daga lokacin da murya ta tashi, zancen ya bar kan makaranta ya koma kan wa ke da gidan. Ko ya gamsu a zuciyarsa, yanzu in ya amince za a ce ɗansa ya juya shi.

Allah da ya aiki Annabi Musa da Haruna (AS) wurin Fir'auna, cewa ya yi su gaya masa magana mai taushi. Fir'auna ke nan, balle mahaifi. Don haka aikinka na farko ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, kada ka haɗa da zancen makaranta ko da kalma ɗaya. Ka bar kwanaki su wuce.

Na biyu, ka binciko abin da yake tsoro, don na lura a wasiƙarka ba ka faɗe shi ba, ina jin ba ka tambaya ba. Kuɗi ne? Nisan makarantar ne da hanyar da za ta riƙa bi? Maganar mutane ce? Ko ya riga ya yi wa wani alkawari? Kowanne da maganinsa, kuma jawabi a kan amfanin ilimi ba ya warkar da ko ɗaya daga ciki. Mahaifiyarku ko gwaggonku za su sani.

Mun ga irin wannan a babban mataki. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da allurar shan inna, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004. Mu a rediyo an yi ta ba mu sanarwa muna karantawa, cike da bayanin likitoci, mutane suna ji suna rufe ƙofa. Suna da dalilansu. Ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma suna tambaya: don me ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Abin bai fara sauyawa ba sai da aka ɗauki tsoron nasu da muhimmanci. Aka kawo maganin rigakafin shan innar daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, malamai suka yi magana, manya suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, daga baya aka riƙa haɗawa da duba marasa lafiya da ba da wasu magunguna. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Bayanin likitoci bai sauya ba tun farko har ƙarshe, bakin da ya ɗauko shi ne ya sauya.

Kai ma nemi bakin da mahaifinka ke jin nauyi: wansa, ko amininsa, ko limamin unguwa. Su same shi su kaɗai, bayan sallar isha, ba a gaban yara ba. Kuma kada su je hannu sake. In kuɗi ne, a ce kai ka ɗauki rabin ɗawainiyar. In hanya ce, a ce ga wanda zai riƙa kai ta yana ɗauko ta. A tuna masa cewa shi kansa ba zai so namiji ya karɓi haihuwar matan gidansa ba, to ungozomar nan 'yar wani ce da ubanta ya bar ta ta yi karatu. Sannan a roƙi abu kaɗan: shekara ɗaya a gani. In ya amince, ku yi masa godiya a matsayin shi ya yanke, domin shi ɗin ne ya yanke.

TAMBAYA: Malam, unguwarmu ba ruwa. Mun rubuta wa ƙaramar hukuma takarda sau uku, shiru. Yaya ake rubuta takardar da za a karanta?
Daga sakataren wata ƙungiyar unguwa, Azare.

AMSA: Na ga kwafin da ka haɗo, Malam sakatare. Shafi uku ne, kuma buƙatarku tana layin ƙarshe, bayan dogon yabo da tarihin unguwa. Mai karantawa yana da tarin takardu a gabansa, ba zai kai can ba. Ku mayar da ita shafi ɗaya. Bayan gaisuwa, jimlar farko ta faɗi abin da kuke so: gyaran famfon burtsatse da ke bakin masallaci. Sai adadi: gida nawa ke sha, tun yaushe ya lalace, nawa ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa, ƙarfe nawa yara ke isa makaranta saboda ɗiban ruwa. Ku kira mai gyara ya rubuta muku kiyasin kuɗin, ku liƙa. Ku faɗi abin da ku kuka tara, ko kaɗan ne, don mai taimako ya fi son ya cika abin da aka fara. Mai unguwa da liman su sa hannu. Ku kai da kanku, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, bayan mako biyu mutum uku su koma da shi.

TAMBAYA: Baba, mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini. Ta ji wani mai magani a lasifikar mota ranar kasuwa yana cewa kwalba uku suna raba mutum da suga har abada. Yanzu ta ajiye ƙwayoyin asibiti. In na yi magana sai ta ce ai a rediyo ma ana faɗa. Me zan yi?
Daga wani ɗan kasuwa, Funtuwa.

AMSA: Ɗana, wannan tambaya ta taɓa mini wani miki. Shekaru da yawa da suka wuce wani mai magani ya kawo talla, aka ba ni in rubuta in kuma karanta. Ya ce maganinsa yana kawar da ciwon suga. Ban tambaye shi shaida ba. Na zauna na gyara masa zance ya yi daɗi, na sa masa amo, na karanta da muryar da mutane suka saba jin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da ita. Bayan wasu watanni na je duba wani tela na unguwarmu a asibiti, an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Ya daina shan maganin likita ya koma wa wancan. Da na tambaye shi dalili, bai yi fushi ba, cewa kawai ya yi, “Ai muryarka na ji, Malam.” Daga ranar ban sake karanta tallar magani ba sai na ga takardar izini da idona, kuma har yau ina nema wa kaina gafara a kan wannan.

Ga abin da ya kamata ka sani. Ciwon suga da hawan jini ana lallaɓa su ne da magani da kula da abinci, kwalba uku ba ta raba mutum da su. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana tallata wa jama'a cewa wani magani yana warkar da irin waɗannan cututtuka, kuma tallar magani sai da amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ka ɗauki kwalbar ka duba. Magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi lambarsu tana ƙarewa da harafin L, kuma ana rubuta a jiki, da Turanci, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ma'anar lambar ita ce an duba ba a ga abin cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Masu lasifika suna ɗaga lambar, ba sa karanta wannan layin.

Hajiya kuwa kada ka ce mata an yaudare ta, ba wanda ke son jin haka daga bakin ɗansa. Ta gaji ne da haɗiyar ƙwaya kullum, mai lasifika kuma ya yi mata alkawarin hutu. Ka fara da nuna mata ka san gajiyar. Sannan ka ce ku je a auna sugan da jinin, a ga aikin da sabon maganin ya yi, ita ma ta gani da idonta. Ka tafi da kwalbar ka nuna wa likita, ka roƙe shi ya yi mata bayani da Hausa, a hankali. Kada ka wakilta yaro, kada kuma ka jira ranar kasuwa ta zagayo. Gobe da safe ka rufe shago ka kai ta da kanka, kafin ta karya kumallo, don awon suga ya fi fitowa daidai a lokacin.